Thyra a Bangon Mujalla

Kopenhagen, farkon Satumba, 1911

Zuwa ga ƙanwata Bodil,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da mijinki Jeppe da yaran. Yaya ƙafar Inna? Iskar teku ta fara kaɗawa, ko tukuna? Mu nan lafiya lau, sai dai tarin Aksel da ke dawowa duk shekara, shi kuwa ya fi yarda da kofi a kan kowane magani.

Kin ce in ba ki labarin birni. Wane labari gare ni da ba ki riga kin gani a Fitilar Gida ba? Mujallar ta fi ni sanin duniya. A ta wannan makon akwai jirgin nan mai tashi sama wanda ya yi kama da ƙatuwar kokwamba, da raƙuman Masar, da yadda ake saƙa wa jariri safa, da likitan da ke amsa tambayoyi, wanda maganinsa ɗaya ne ga kowace cuta, wato a buɗe taga. A shafin baya kuma tallar man sanƙo na nan, alhali editanmu Winther kansa sumul yake, ko ƙuda sai ya zame.

Sabon labarin mai fitowa mako-mako, na Rosalin 'yar mai tsaron hasumiyar fitilar jiragen ruwa, Aksel ne ke zana hotunansa, saboda haka ni ce Rosalin. Kin san tun da muka yi aure fuskata yake ara. Na yi gimbiya, na yi mai jinya, na yi marainiya ban san iyaka ba. Abin dariyar shi ne, ni ina ta furfura ina ta ƙiba, matar da ke takarda kuwa tana nan yadda ya same ni. Na ce masa ya riƙa duban wadda ke zaune a gabansa. Ya ce ai ita yake dubawa, hannunsa ne bai yarda da idonsa ba.

Kada ki zaci yana karanta labaran. Ofis ne ke aiko masa da jimla ɗaya tak, an ja mata layi, shi kuma ya zana abin da ta ce. Ta jiya cewa ta yi: tana kwance a kan yashi, gashinta a jiƙe, idanunta a rufe. Sai ga yayarki, mace mai mutunci, shimfiɗe a daɓen kicin, an kwara mini ruwan buta a kai, kyanwa tana lasar kunnena. Aksel yana ta cewa, "Daina motsi, baiwar Allah, yanzu aka tsamo ki daga teku!" Ni kuwa dariya nake dannewa har cikina ya ƙulle. Na tabbata a mako na gaba wani kyakkyawan matuƙin jirgi zai ɗauke ta ya kai ta bakin murhu.

Ki gaida Inna, ki ce mata shalin yafawa da nake saƙa mata ya kusa. Ki gaida Jeppe.

Yayarki,
Thyra

Kopenhagen, ƙarshen Satumba, 1911

Bodil ƙanwata,

Bayan gaisuwa, ina fata duk kuna lafiya. Takardarki ta iso, na karanta ta a tsaye, na sake karantawa a zaune.

Na san mantuwa ta kama Inna, amma ban san ta kai haka ba. Da na zo inda kika ce ta daina karatu, hotuna kawai take bi, kuma ta ɗauka duk abin da ta gani ni yake faruwa da ni, da farko dariya na yi. Wai bara ta yi fushi na bar Aksel na auri mai sarauta ban gaya mata ba! Na karanta wa Aksel, ya ce da ma ya daɗe yana zargi. Sai na zo inda kika ce makon da Rosalin ta kwanta zazzaɓi Inna ta ƙi cin abinci, ta zauna bakin taga da mujallar a cinya har wata ya fito. Nan dariyar ta tsaya, domin na tuna da daɓen kicin.

Washegari na tafi ofis wurin Malama Krag, tsohuwar da ke fassara labaran daga Turanci. Na tambaye ta wane ne zai tsamo Rosalin. Ta cire tabarau ta dube ni, ta ce ba wanda zai tsamo ta. Yarinyar za ta fita da kwalekwale cikin hadari don ta ceci saurayinta, da safe teku ya dawo da ita. Ashe gawa na kwanta na yi, Bodil, mu biyu muna ta shewa. Kuma hoton ya yi wa Winther kyau ƙwarai, har ya ce a bango za a sa shi, mai launi, a fitowar ƙarshen Oktoba.

Ke kin san abin da wannan yake nufi a gidanmu. Kina goye lokacin da teku ya dawo da Baba, amma ni na ga Inna a bakin yashi ran nan. Ba zan iya bari ta ga 'yarta kwance a irin wurin nan ba, tana kuma ganin gaskiya ce. Tsoro nake ji ƙwarai. Zuciyar tsohuwa ba ta da ƙarfin ɗaukar wannan sau biyu.

Ki duba ko za ki tare mai kawo wasiƙu a hanya a makon da hoton zai fito, ki ɓoye mujallar, ki ce ba ta zo ba. Ki rubuto mini da wuri. Aksel yana gaishe ku. Tun jiya yake zaune gaban allon zane, bai ja ko layi ɗaya ba.

Taki,
Thyra

Kopenhagen, tsakiyar Oktoba, 1911

Ƙanwata Bodil,

Ina gaishe ki, ina yi miki sannu da ɗawainiya. Allah ya saka miki da alheri a kan abin da kike yi wa Inna, ya bar miki yaranki lafiya.

Na ji bayaninki, kuma gaskiyarki ce. Na manta yadda garinmu yake. Idan Inna ta manta sunan kowa amma ba ta manta Alhamis ranar zuwan mujalla ba, tana tsaye bakin ƙofa tun kafin mai wasiƙu ya ɓullo, to ba a ɓoye mata. Ko an ɓoye ma, ga ta a gidan fasto, ga ta a kanti, ga matar Mads mai gyaran raga wadda za ta rugo da tata ta ce, "Kin ga Thyrarki kuwa?" Yage shafi kuma ba zai yiwu ba tunda bango ne.

Don haka na sa hulata mai kyau na je wurin Winther. Ba mugun mutum ba ne. Ya ba ni kujera, ya sa aka kawo kofi, ya saurare ni har na gama, yana shafa sanƙonsa. Na roƙe shi a canza ƙarshen labarin, a bar yarinyar ta rayu. Ya ce marubuciyar wata Baturiyar Ingila ce da ba wanda ya taɓa gani, a dunƙule aka sayo labaranta, mai yiwuwa ma ta rasu. Na ce ai Malama Krag za ta iya tayar da Rosalin da jimla biyu. Ya yi murmushi ya ce, "Uwargida, masu karatu sun fi son kuka. Idan muka aurar da yarinya ba mai rubuto mana. Idan muka kashe ta, sai an kawo wasiƙu a buhu."

Daga nan ya sauka da ni ƙasa inda injuna suke, ya nuna mini. Bango mai launi tun da wuri ake buga shi, kafin sauran shafuka. Ga ni nan, Bodil, an jibge ni ɗauri-ɗauri har sun fi tsawon mutum, ko'ina na juya ni ce kwance a kan yashi. A gefe kuma ana buga hotunan fitowar Kirsimeti, yara suna wasa da ƙanƙara. Ya ce abin da zai iya yi shi ne ya sa layi ɗaya a shafin amsoshin masu karatu, cewa ana sanar da wata uwa a Jutland 'yarta tana nan lafiya. Na gode masa, na ce uwar ba ta karatu yanzu.

Saura hanya ɗaya. Zan zo da kaina. Idan mujallar ta iso ina zaune kusa da ita, hannuna cikin nata, ai takarda ba za ta ƙaryata mutum ba. Na ga abin da kika rubuta a ƙasa da ƙananan baƙaƙe, cewa in shirya zuciyata, domin ba lalle ta gane ni ba. Na gani, amma ban yarda ba tukuna. Ki ce wa Jeppe ya tare ni da keken doki a tasha ranar Talata. Zan taho da shalin, da kofi mai kyau, da alewa ta yara.

Sai na zo,
Thyra

Jutland, ƙarshen Oktoba, 1911

Aksel nawa,

Gaisuwa da kewa. Ina fata kana cin abinci mai zafi, ba burodi da kifin gwangwani kawai ba. Yaya tarin? Maganin yana bayan tulun gishiri, inda ka ɓoye shi kana zaton ban gani ba. Na iso lafiya. Bodil da Jeppe suna gaishe ka.

Bodil ta yi gaskiya. Na shiga na durƙusa gaban kujerar Inna, na ce ga ni, ni ce Thyra. Ta dubi furfurata, ta dubi jikina, ta yi mini irin murmushin da ake yi wa baƙo. Ta ce ita ma tana da 'ya mai wannan suna, a birni take, kyakkyawa ce siririya. Ta jawo tsofaffin mujallu daga ƙarƙashin matashi ta nuna mini matar da kake zanawa. Ta karɓi shalin ta yaba saƙar, ta tambaye ni ko daga coci aka aiko ni. Na fita bayan gida inda ake shanya kifi na yi kukana. Ban ji haushinka ba, amma na ji haushin yarinyar nan taka.

Ranar Alhamis ta zo. Da ma dabarata ke nan guda ɗaya, ga shi ta rushe, domin baƙuwa daga coci ba ta isa ta ce mata 'yarta tana raye ba. Mai wasiƙu ya miƙa mata mujallar a bakin ƙofa. Ta dawo ta zauna, ta shimfiɗa ta a cinya. Bodil ta tsaya riƙe da ludayi, miya tana ɗiga a ƙasa ba ta sani ba. Ni kuwa na kama hannun kujera.

Inna ta daɗe tana kallo. Ta kai mujallar kusa da taga, ta bi gashin da yatsa, ta bi wuyan, ta tsaya a kan bakin. Sai ta yi tsaki.

"Ji 'yar banza," in ji ta. "Wai ita ta mutu."

Bodil ta ce, "Inna, me kika gani?"

"Na wanke waɗanda teku ya dawo da su, har da ubanku. Ba haka suke kwanciya ba. Dubi gefen bakinta, dariya take dannewa. Haka take yi tun tana ƙarama, in za a aike ta ɗebo ruwa sai ta miƙe a benci ta rufe ido."

Ka ga abin da hannunka ya yi, Aksel. Winther bai gani ba, Malama Krag ba ta gani ba, dubban mutane suna can suna sharar hawaye. Kyanwar nan da ta lashi kunnena, ka ba ta kan kifi a madadina.

Inna ta juyo gare ni ta ce idan na koma birni in gaya wa Thyra ta tashi haka nan, ƙasa akwai sanyi, kuma ta zo gida an daɗe ba a gan ta ba. Na ce zan gaya mata. Ta ci abincinta tas, har da ƙari. Na yi murna, Allah ya sani, abin da na zo dominsa ya samu. Amma murnar da nauyi take.

Bayan azahar Bodil ta tafi kanti, gidan ya yi shiru. Bencin nan yana nan kusa da murhu, inda yake tun muna yara. Ban san abin da ya shiga kaina ba. Na cire takalmi na miƙe a kai, ƙafafuna sun yi masa tsawo, rabin jikina a waje, na rufe ido. Da na tuna shekaruna da yadda zan kasance a idon mai shigowa, sai dariya ta taso mini, na danne.

Na ji ƙarar sandarta tana matsowa. Ta tsaya a kaina. Sai ta zungure ni da sandar a haƙarƙari, daidai inda take zungurata da tsintsiya a da.

"Thyra, tashi. Na san idonki biyu. Bokiti ba ruwa."

Ban tashi ba, Aksel. Na ƙara matse ido don ta sake faɗa, ta kuwa sake.

Da yamma na sake zama baƙuwa daga coci a idonta, kuma Bodil ta ce kada in sa rai da yawa. Ban sa ba. Amma zan zauna nan har bayan Kirsimeti, benci yana nan, bokiti ma kullum yana bukatar ruwa. Ka nemi wata fuskar don sabon labarin, 'yar mai gidan burodi za ta yi. Ka aiko mini da rigata mai kauri da safar ulu. Ka sha maganinka.

Matarka mai kewarka,
Thyra