Ƙaramar ta ƙi ci

Zinder, daren Laraba

Yau kwana huɗu 'ya'yan kunamar ruwan nan biyu, kifayen da Yaya Sani ya bar mini amana, ba su ci komai ba. Dusa nake ta watsa musu a saman ruwa kamar tarwaɗa. Inna ta leƙa akwatin gilashin ta ce, "Kai Habu, mai baki a ƙasan ciki ina zai ci na sama?" Wallahi na ji kunya.

Na hau moto har lambunan Mirriya na tono tana. Babbar ta kife a kai kamar faifai, ta cinye. Ƙaramar kuwa ta binne kanta cikin yashi, sai idanu.

Yaya ya kira sau uku, ban ɗauka ba. Yanzu na sake haska tocila cikin akwatin. Rabon ƙaramar na nan inda na ajiye, yana motsi.