Ƙullun Kakarki da Na Zubar

Zuwa ga aminiyata Anush,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Mama da sauran 'yan uwa. Shekara biyu ke nan da kika ajiye aikin jinya a Riyadh kika koma Armeniya, ni kuwa har yau akwai maganar da ta tsaya mini a wuya.

Ina nan a ɗakinmu na gidan ma'aikatan asibiti. In na shiga kasuwar Batha sayen fulawa, ƙauyenku na yankin Karabak nake tunawa, wanda ban taɓa gani ba amma na san shi kamar unguwarmu. Cocin baƙin dutse da kakanninku suka gina, duwatsun makabarta masu sassaƙen gicciye, tanderun da ake haƙawa a ƙasa, mata su kewaye shi suna manna gurasa. Kin ce ƙasashe biyu na jayayya a kan wurin, amma kakarki ba ta taɓa tambayar kowa gidan wa take kwana ba.

Sai kwalbar nan ta cikin firij. Duk Juma'a ki ɗebi ƙullun ciki ki kwaɓa gurasa, ki mayar masa da fulawa da ruwa. Kina cewa, "Bilkisu, ƙullun nan ya girmi kakata. Kowace amarya a gidanmu da shi take tafiya." Ni kuwa in yi ta dariya. A wurinmu ƙullun waina in ya kwana uku, ai sai bola.

Da aka ce mutanenku kaf sun fito sun bar ƙauyen saboda yaƙi, kika tafi a gigice neman Mama. Sati uku ba ki nan. Na buɗe firij na ga ruwa ya taso a kan ƙullun, ga tsami ya cika wuri. Na juye shi, na wanke kwalbar tas. Da yake mu ba ma mayar da kwano haka nan, na cika miki ita da dabino. Wallahi har daɗi nake ji na yi miki gwaninta.

Kika dawo a rame. Kika ce Mama ta fito da kayan jikinta da hoton babanki kaɗai, nata ƙullun yana can a kan tebur. Sannan kika buɗe firij. Kin daɗe riƙe da kwalbar kafin ki ce, "Ta wanku." Kika ci dabino ɗaya don kada in ji kunya.

A ranar na gane abin da na zubar, amma bakina ya yi nauyi har kika tafi. Anush, ki yafe mini. Sojoji sun raba ku da gidajen, ni kuma da hannuna na raba ki da abin da ya tsira.

Ki tambayi matan ƙauyenku duk inda suka watsu, ko wata ta tuna ta ɗauko nata. Ni ma na kwaɓa wani a kwalbarki, watansa bakwai yanzu, ban taɓa tsallake Juma'arsa ba. Na san ba shi ba ne.

Allah ya sanyaya zuciyarki, ya ƙara wa Mama lafiya, ya nuna muku ranar da za ku sake hura tanderun nan.

Taki mai laifi,
Bilkisu