Na Ci Gadon Hanyar Dorina

Zuwa ga mahaifina, Malam Isa mai lambun Tukra,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda ka koya mana, ina roƙon Allah ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Shekara tara ke nan da rabuwarmu, sai yau na sami labarin da ya isa in ɗauki alƙalami in ba ka.

Baba, da za ka dawo ba za ka gane Tukra ba. Inda kake nuna mini barewa in ka goyo ni a keke daga gidanmu na unguwar Kilemat a cikin Injamena, yanzu gidaje ne da ramukan masu gasa bulo. Zabin daji sun ƙare, gada kuwa jikokinka a littafin lakwal, wato makarantar boko, kaɗai suka san ta. Jama'a na ta kwararowa Injamena, mu na ciki kuma muna ta haihuwa. Ba na ganin laifin kowa, ni kaina bakwai na ajiye maka.

Ka tuna filin da ka bari a tsakiyar lambu, faɗin taki goma, daga bakin kogi har fadamar da ke baya? Ba ka taɓa sa masa fartanya ba. Ta nan dorina ke fita kiwo, ta nan take komawa ruwa, don ita ba ta sauya hanya. In an ce kana asarar ƙasa sai ka ce, "Kakana Makka ya nufa daga Damagaram, guzuri ya ƙare masa a nan, aka ba shi wuri. Ni ba zan toshe wa wata halitta hanya ba."

Shekarar da ka rasu, Yaya Sale ya shuka albasa a kan hanyar, ya kewaye da ƙaya. Ka san ɗanka, in ya ga ƙasa a kwance ji yake kamar an zage shi. Dorina ta tarar da shinge, ta ratsa ta lambunan maƙwabta, ta tattake kuɓewar gida uku. Aka yi ta buga gwangwani da ƙona taya, daga baya aka nemo mai bindiga. An kashe ɗaya, sauran suka bar gaɓar nan. Na yi kuka ranar kamar ranar jana'izarka.

Da aka zo rabon gado, malamin da ya raba ya tambaye ni gefen da nake so. Na ce hanyar dorina. Sai da ya sake tambayata sau biyu. Matan gidanmu suka laƙa mini sunan dorina da Larabcin nan, suna kirana Uwar Girinti har a gidan biki.

Shekara takwas ina gadin hanyar da babu mai bi. In cire ƙaya, in kori masu haƙar laka, in sallami dillalai. Sai bara aka kafa duwatsun shaida a fadamar, wai za a yanka filaye. In fadama ta tafi, hanyata ba ta kai ko'ina. Na yi ta sintiri gidan bulama, mai unguwarmu, har ya koma ɓuya in ya hango mayafina. Ya ce in kawo masa dorina ya gani tukuna. Akwai ranakun da ni ma na zaci zautuwa na yi.

To, Baba, ranar Talata da sassafe na sauka kogi da bokitin ban ruwa, sai ga sawu a laka, kowanne ya kai akushi. A gefensa ga wani ɗan ƙarami. Uwa da ɗa! Sun bi hanyarka tiryan-tiryan, sun ƙoshi a fadama, sun koma ruwa, ko ganyen yakuwar wani ba su taɓa ba. Na yar da bokiti na rangaɗa guɗa, ni da furfurata.

Na tsaya a ƙofar bulama har sai da ya sa takalmi ya biyo ni. Ya duba sawun, ya duba lambunan da ke nan lafiya lau, ya tara jama'a ya ce halas, magana ta ƙare, a tuge duwatsu, fadama ba ta yankuwa. Waɗanda suka fi yi mini dariya su suka fi ɗaga murya wajen amincewa, don sun gane in dorina na da hanya, kuɓewarsu ta tsira.

Na san barewa ba za su dawo ba, kuma gari bai daina cika ba. Amma wannan karon mun ci, Babana, kuma daɗin ya hana ni zama wuri ɗaya.

Jiya na tarar da Yaya Sale durƙushe yana tuge albasarsa, layi biyu na jikin hanyar, tun ba ta ƙosa ba. Bai ɗago ya dube ni ba. Cewa kawai ya yi hanyar ta yi wa mai jego ƙunci.

Allah ya jiƙan ka, ya gafarta maka, ya yalwata maka kabari fiye da yadda ɗanka ya yalwata hanyar nan. Allah ya raya ɗan dorinar, ya sada mu da kai a gidan Aljanna. Amin.

Ni ce 'yarka mai kewarka,
Hajara