Tsagar da Baba Yake Bi

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Mu nan da sauƙi. Ƙafar Goggo ta warke, har ta koma yawonta, Kawu kuma yana nan da rediyonsa da gardamarsa. Baba ma jikinsa lafiya, sai mantuwar nan da ka sani. Maganarsa ce ta zaunar da ni rubutu, don duk lokacin da ka kira kana murna, sai bakina ya yi nauyi.

An gama aikin tsakar gida da ka sa a yi, kuma ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Mai aikin, wanda muke kira Mai Launi don hannuwansa ba sa rabuwa da rini, ya fara da cike duk inda simintin ya fashe, ya goge shi da inji ya yi sumul. Sannan ya manna siririn tef ya fitar da siffar duwatsu, ya bi kowanne da ruwan launi, wani ƙasa-ƙasa, wani toka-toka, yana dangwalawa da soso. Da ya ɗaye tef ɗin ya shafa man ƙyalli, sai ka rantse duwatsun bakin rafi aka jera. Maƙwabciyarmu har durƙusawa ta yi ta ƙwanƙwasa, wai ba ta yarda ba.

Yaya, ka tuna tsagar simintin nan da ta taso daga ƙofar ɗakin Baba, ta karkata wajen famfo, ta ƙare a gindin lemo inda marigayiya Mama take zama? Na sha ganin Baba yana sa bakin sandarsa a ciki yana ja, na ɗauka wasan tsufa ne. Ashe ita ce take kai shi ko'ina. Ita ce gidan a wurinsa.

Saboda warin launin, wurin Goggo muka kai Baba har aka gama aikin. Ranar da na dawo da shi, muna shigowa ya ja ya tsaya. Ya lalubi ƙasa da sanda, sandar ta zame. Sai ya raɗa mini cewa mun yi ɓatan kai, mun shigo gidan mutane, mu fita kafin a gan mu. Na nuna masa ɗakinsa, na nuna masa lemon, ya ce lallai masu gidan sun iya shuka.

Tun daga ranar nan Baba baƙo ne a gidan da ya gina da hannunsa. Ba ya cire takalmi. In na kai abinci sai ya ɗan taɓa ya ture, wai kada mu cinye wa mutane. Sai ya nemi izini kafin ya buɗe famfo. Da yamma yakan naɗe bargonsa ya zauna a bakin gado, ya ce in yi wa masu gida godiya, mu kama hanya, Mama tana can tana jira. Da can ko ya manta sunana, hankalinsa a kwance yake. Yanzu har ya fara ramewa, ni kuma kuka ya zama abincina.

Na kira Mai Launi na ce ya wanke abinsa. Ya ce launin ya riga ya shiga cikin simintin, ba ruwan da zai fitar da shi. Da ya ga Baba zaune da bargo, shi ma sai da ya share ido. Ya kawo injin yanka, na nuna masa inda nake zaton tsohuwar tsagar ta bi, ya tsaga mana sabuwa a kan aikin da ya sha wahalarsa. Baba ya sa sanda, ya ɗan taka, ya tsaya, ya ce wannan ba hanyarsa ba ce. Gaskiyarsa. Shekara da shekaru ina share tsagar nan, ban taɓa kallon lanƙwasarta ba.

Kai ka san ta. Kai ne kake kwanciya rub da ciki kana tura marfin kwalba a cikinta, wai motarka ce, har Mama ta gaji da wankin rigunanka. Ba na ganin laifinka, wallahi, alheri ka nufa, ni ma da murnata na buɗe wa mai aikin ƙofa. Roƙona ɗaya ne. Ka zana mini ita yadda ka tuna, in kuwa da hali, ka zo ka nuna da ƙafarka. Mai Launi ya ce injinsa yana nan.

Ka gaishe da Anti, da ɗanku Babba, da ƙanwarsa 'yar lelen Goggo mai yawan surutu. Goggo da Kawu suna gaishe ku. Baba ya gan ni ina rubutu ya tambaye ni wa nake rubuta wa, na ce kai ne, sai fuskarsa ta washe. Ya ce in gaya maka mutanen nan suna da kirki, amma ya gaji, ka zo ka kai shi gida.

Ƙanwarka,
Auta