Ba a Sayi Bakina Ba

Madawa, Lahadi 8 ga watan Yuni

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka, a duk inda kuke. Yaya aiki, yaya zafi, yaya gajiyar hanya? In ka tambayi tawa lafiya, lafiya lau nake, kaina ne kawai ya ɗaure.

Tun ranar Alhamis nake juya abin da ya faru, ban gane kansa ba. Mun taso daga Azarori bayan azahar da mota biyu, ɗaya ta kayan ɗaki, ɗaya tamu. Ina cikin lulluɓi, ba abin da nake gani sai lallen ƙafata. Aka shigo da ni ɗakin nan da ka kama mana a bayan bariki, aka zaunar da ni bakin gado. Ƙawayena suka tsare ƙofa suna jiran ka zo da abokanka a yi sayen baki, har sun gama shirya irin wahalar da za su ba ku. Sai ga Kaltuma, matar sarjan da ke ɗakin da ke jikin namu, ta shigo tana tafa hannu. Ta ce a daina guɗa, ango ba ya gari. Wai tun ƙarfe uku aka aiko kiranka, ta gan ka da idonta ka fita a guje da babbar riga, kana tuɓe hula, kafin mu iso kamiyo, babbar motar nan ta soja, ya kwashe ku har da abokan naka.

Na yi zaton wasan abokan ango ne. Har na yi murmushi a ƙarƙashin mayafi. Ba kai ka ce mini an sa maka hannu a farmisiyon kwana bakwai ba? Ashe ana iya ba mutum hutu da safe a karɓe kafin la'asar?

Ƙawayena sun jira har bayan sallar Juma'a, suka koma gida. Gwaggo Altine, ƙanwar Baba, ita aka bar mini.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki bik nake rubuta maka. Jiya da hantsi wayata ta yi ƙara, na ga lambarka. Na ɗauka. Kafin in buɗe baki Gwaggo ta dafe mini cinya, ta zaro ido. Ta ce ba a sayi bakina ba, kuma a gidanmu ba a taɓa yin ɗiyar da ta fara yi wa miji magana kyauta ba, in na yi har in tsufa danginka za su riƙa cewa amaryar Sha'ibu ita ta sayi bakinsa. Na ce waya ce. Ta ce wayar ba da baki ake yin ta ba?

Na ji ka sarai. Sau huɗu ka kira sunana. Ka ce in ina jinka in amsa, akwai abin da za ka gaya mini kafin a karɓe muku wayoyi. Na ji iska, na ji wani yana yi maka tsawa ka yi sauri. Na sa wayar a bakina don ka ji numfashina, ban sani ba ko ka ji. Daga nan ka ce to shi ke nan, ka kashe. Na miƙa wa Gwaggo ta kira ka ta yi magana a madadina, amma layin ya riga ya rufe. Har yanzu bai buɗe ba.

Mene ne za ka gaya mini? Ina kuke? Kwana nawa?

A littattafan da nake karantawa, waɗanda kake yi mini dariya a kansu, in aka raba amarya da ango, marubuciya takan bar amarya tana kuka ta ce a ɓangaren ango kuwa, sai mai karatu ya ga inda yake da abin da ke ransa. Ni ba wanda zai buɗe mini wannan shafin. Kwalin littattafan yana ƙarƙashin gado, ban iya taɓa ko ɗaya ba.

Gwaggo magana ta hana, ba ta ambaci rubutu ba, shi ya sa na yagi takarda daga kayena na rubutu. Kaltuma ta ce ta san direban da ke kai muku abinci, za ta ba shi. Don Allah ka sani ba fushi na yi ba.

Gwaggo tana gaishe ka. Allah ya tsare, ya dawo da ku lafiya.

Taka,
Salima


Madawa, Alhamis 12 ga watan Yuni

Zuwa ga maigidana,

Sallama irin ta addinin Musulunci, da gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata kana lafiya, kana samun abinci da wurin kwana mai kyau. Mu nan alhamdu lillahi. Yau kwanana bakwai a ɗakinka.

Ban sani ba ko takardar farko ta iso. Direban ya karɓa, amma da Kaltuma ta tambaye shi inda zai kai, ya ce sai ya tayar da mota ake gaya masa.

Bari in lissafa maka wuraren da aka ce kana, ko ka gane kanka a ɗaya. Kaltuma ta ce Keita, kuna tsaron masu gyaran hanya. Mai shayin ƙofar bariki ya gaya wa Gwaggo Bouza, kun raka motocin iri. Yayanka Tanimu ya kira daga Karofane ya ce kamiyo biyu sun wuce ta bakin kasuwa, ya ga wani mai kama da kai a baya, ya ɗaga hannu ba a ɗaga masa ba. Kowa da rantsuwa yake faɗin nasa. Ni kuma in na rufe ido in tuno ka, sai in rasa wane gari zan sa a bayanka.

Ranar Talata aka aiko wa Kaltuma daga wajen mijinta cewa kuna dawowa Laraba. Gwaggo ta sa aka yanka zabi biyu. Aka sake mini kitso, na sa leshin nan mai ruwan ganye da ka ce ya fi, na turara ɗakin har Gwaggo ta fita tana tari. Aka kira ƙawayena su shiga mota su zo. Wajen la'asar muka ji kamiyo. Mijin Kaltuma ya shigo, ƙura har gira, shi kaɗai. Daga bayan labule na ji yana yi wa Gwaggo bayani. Wai kun hau mota tare, har an tayar, sai wani ya zo da takarda ya karanta suna shida aka ce su sauko, naka na uku. Gwaggo ta tambaye shi aka yi ina da ku. Ya ce bai sani ba. Ta ce to wa ya sani? Ya ce wanda ya rubuta takardar, shi ma kuma an tura shi wani wuri tun shekaranjiya. Gwaggo ta ce ita ko awakinta ba ta kora haka, ta san wadda ta fita da wadda ke ɗaure. Sarjan ya yi dariya, ya ci cinyar zabonka.

Akwai wani abu kuma, ina jin kunyar rubuta shi. Tun wata biyu kafin biki na tsara maganar da zan fara gaya maka. Ba daga littafi na ɗauko ba, tawa ce, na gyara ta ya fi sau ashirin. Bayan abin da ya faru ranar Asabar na ƙudura a raina cewa in ka sake kira zan amsa, Gwaggo ta yi ta faɗanta. Yau da safe tana wanka sai ga lambarka. Na ruga bayan ɗaki wajen tulu, na ɗauka, ban ko yi sallama ba na zubo maganar duka, daga farko har ƙarshe, ido a rufe. Sai na ji an yi gyaran murya. Wata murya da ban sani ba ta ce madam a yi haƙuri, ba kafaran Sha'ibu ba ne. Wani soja ne da ka bar wa wayar ya sa maka sharji bayan an mayar muku da su, aka sauke ka daga mota ba ka karɓa ba. Ya kira ne ya ji ko ka iso gida, don su can an ce musu kana Madawa, kuma ana nemanka.

Na zauna a kan turmi. Su suna tambayata inda kake. Na ce masa shi yana ina? Ya ce ba a ba su izinin faɗi ba, rezo kuma ya ɗauke, layin ya yanke.

Maganar nan ta tafi kunnen wani, ba zan iya sake faɗinta ba. In ka haɗu da shi ka karɓi wayarka, kada ka tambaye shi komai.

Jiya ƙawayena sun iso bayan kowa ya watse, sun ci sauran naman sun koma. Suna gaishe ka, sun ce wai kai aljani ne.

Allah ya kare ka gaba da baya.

Matarka,
Salima


Madawa, Litinin 16 ga watan Yuni

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar da ta fi ta kullum, ina fata jikinka lafiya, ruwan ranar Juma'a bai same ku a fili ba. Mu nan ya sauka sosai, ɗakin bai yi yoyo ba.

Ka zo ba ka same ni ba. Tun shekaranjiya nake maimaita wannan a raina.

Ga yadda aka yi. Ranar Asabar na matsa wa Gwaggo mu je ƙofar bariki mu tambaya da kanmu. Ta ce amarya ba ta yawo, na yi ta kuka har ta ɗauki mayafinta. Fitata ta farko ke nan tun da aka kawo ni. Kaltuma ta tafi kasuwa, sai muka sa kwaɗo a ƙofa. Na riƙe jaka don na sa takardar aurenmu a ciki, ko za a nema.

Sojan ƙofa ya ce lajidan, wani babbansu, ne ya sani. Lajidan ya fita. Muka zauna a gindin itacen bedi har rana ta take. Daga baya wani mai tabarau ya tausaya mana, ya shiga biro, wato ofishinsu, ya duba babban littafinsu, ya dawo yana murmushi. Ya ce kada mu damu, kafaran Sha'ibu yana farmisiyon aure, yana gida wajen amaryarsa. Gwaggo ta yaye mini mayafi ta ce ga amaryar, shi sai ya nuna mata gidan. Mutumin ya dubi takarda, ya dube ni, ya ce shi dai abin da ke rubuce ke nan.

Da muka dawo muka tarar da Inna Mairamu mai gidan hayar a tsakar gida. Ta ce yanzun nan ka fita. Motarku ta tsaya shan mai, ka roƙi minti goma, ka zo a guje. Ka ga kwaɗo. Ka tambaye ta, ita kuma abin da ta gani ta faɗa, ta ce amarya ta fita da gwaggonta da jaka tun safe. Ta ce ka daɗe kana kallon ƙofar, sannan ka ce dama ka sani tun ranar da na ƙi yi maka magana a waya, kuma ina da gaskiya, ba kowace mace za ta ɗauki wannan ba. Ka ce in an gan ni a ce kana ba ni haƙuri. Ta tambaye ka inda za ku, ka ce ba a gaya muku ba tukuna.

Ke nan ko takarda ɗaya ba ta same ka ba. Ke nan kwana tara kana yawo da zaton na yi fushi, yanzu kuma ka ƙara da cewa na koma gidanmu. Na bi ka har gidan mai da takalmi ɗaya a hannu, an ce kun yi gabas. Da na dawo sawun takalminka yana nan a jiƙaƙƙiyar ƙasa bakin ƙofa. Na hana a taka, amma Gwaggo ta share da yamma, ta ce ba kyau.

Ban san wa zan ba laifi ba. In na ce Gwaggo, sai in tuna ita ta bar gonarta ta zauna da ni. Har yanzu tana cewa ta yi daidai, su sojan ne ba su san yau ba balle gobe, amma jiya na ga ta ajiye wayata kusa da matashina. In na ce manyanku, ban san ko mutum ɗaya a cikinsu ba. In na ce ni, to ni ce, don baki nawa ne, kuma ni na ja mu muka fita.

Jiya Baba ya kira. Ruwa ya sauka a Azarori, kowa ya fita shuka, Gwaggo dole ta koma gobe Talata. Ya ce ba za a bar yarinya ita kaɗai a gidan haya cikin baƙin gari ba, in tattara abin sawa in biyo ta, in ka natsu ka zo a sake kawo ni. Gwaggo ta ce haka ya dace, har ta fara ɗaure mini kaya. Ina son in ga Innata. Ina tsoron ɗakin nan in ba kowa. Ban ma san wa zan ce ya sayo mini itace ba.

Amma na zauna na yi tunani. Kai ba ka san inda za ka kwana gobe ba, waɗanda ke aikenka ma ba su san inda suka aike ka ba. Wuri ɗaya ne ka sani, ƙofar nan. In aka sake ba ka minti goma, ba za su kai ka Azarori ba. In kuma ka sake ganin kwaɗo, abin da kake zato ya tabbata ke nan.

Na kira Baba da kaina yau da safe. Ban taɓa mayar masa da magana ba. Na ce shi da bakinsa ya ba da ni, kuma wanda ya ba bai ce in fita ba. Sai ya ce in ba Gwaggo wayar.

Na kwafi takardar nan sau uku. Ɗaya wajen direba, ɗaya wajen mijin Kaltuma, ɗaya za a kai wa Tanimu a Karofane ko za ku sake wucewa. Inna Mairamu tana gaishe ka, ta ce ka yafe mata. Kaltuma ta ce za ta riƙa leƙo ni. Allah ya tsare ka, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Gwaggo za ta shiga motar safe ita kaɗai. Na kwance kayan da ta ɗaure. Ina nan Madawa, a ɗakinka, ba inda za ni.

Matarka,
Salima