Kifin da Aka Aiko Pemba

Wete, 9 ga Oktoba, 1994

Baban Raya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fatan kana lafiya, ƙafar Mama kuma ta yi sauƙi. Yaya Raya da makaranta? A riƙa tsaya mata a kan kitso, in ba haka ba sai ta yi wata da guda ɗaya. Ni dai na sauka tsibirin Pemba lafiya, ina gidan Gwaggo Mboje.

Na san Mama tana cewa littattafan soyayyar da Gwaggo ke rubutawa ne suka juya mini kai har na bar Tanga. Kai kuwa ko hakan ma ba ka ce ba. Na ɗaure kayana a gabanka, abin da ya fito daga bakinka shi ne, "Jirgin ƙarfe bakwai ya fi." Shekara tara da aure, Baban Raya! Injin jirgin ruwan mutane kana yi masa magana in kana gyara shi, na ji da kunnena. Ni ce dai ban kai ba.

Da ka ga yadda wadda ta san darajar magana take aiki. Tana idar da asuba take zama a baranda da fensir da littafin rubutu irin na 'yan firamare. Ko shayi ba ta sha sai ta cika shafi uku. A shafin dama kawai take rubuta labari, na hagu kuwa na yi wa kanta faɗa ne. Jiya na leƙa na ga ta rubuta, "Ƙarya kike yi, Mboje, ba mai magana haka." Mace mai littafi goma sha huɗu, wadda ake karanta labaranta a rediyo! Wallahi ta ƙara girma a idona.

Da la'asar matan unguwa sukan taru a tsakar gidanta suna tsinkar kanumfarin da aka sauke da safe, ita kuma ta karanta musu abin da ta rubuta. Ba ta kallon fuskokinsu, hannuwansu take kallo. Ta ce mini, "Baki zai yi miki kara, 'yar nan, hannu kuwa ba ruwansa. In labari ya kama su, aikin tsayawa yake yi." Idan hannuwa ba su tsaya ba, washegari da shafin ake hura wuta.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ko dai ka rubuto mini magana ɗaya irin wadda mace ke so ta ji daga mijinta, ko ka aiko mini da takardata. Na gaji da zama da bango.

A gaida Mama.

Mwatima

Wete, 30 ga Oktoba, 1994

Baban Raya,

Ina gaishe ka. Yaya aiki, yaya Mama, yaya 'yata? Jirgi uku ya zo daga Tanga ban ga amsarka ba. Ban yi mamaki ba, amma na ji zafi.

Na tambayi Gwaggo inda ta koyi soyayya. Na ɗauka za ta ce waƙoƙin taarab da take bi a hankali in tana shara, ko marigayi mijinta. Sai ta ce a kotu. Shekara ashirin da biyu tana magatakardar alƙali, tana rubuta abin da ma'aurata ke faɗa ranar rabuwa. Ta ce, "A gidan biki kowa waƙa yake yi. A kotu ne na ga matar da aka raba aurenta, ta kai bakin ƙofa ta juyo tana ce wa alƙali a gaya wa mutumin nan kada ya sha maganinsa da yunwa." Tun ranar, in ji ta, ta daina yarda da abin da mutane ke cewa, ta koma lura da abin da suka kasa dainawa.

Littafin da take kai yanzu labarin Bahati ne, bazawara mai sayar da mandazi, wato fanke, a bakin tashar jirgi, da wani matuƙin jirgin ruwa mai suna Faki. Wata biyu ke nan ta maƙale a babi na sha ɗaya, inda Faki zai bayyana abin da ke ransa. Sau huɗu tana rubutawa. Ni kam na huɗun ya sa ni hawaye, akwai wata da taurari da komai. Amma hannuwa ko gezau. Bi Time, wata tsohuwa da ba ta da haƙori ko ɗaya amma bakinta ya fi na kowa kaifi, ta ce, "Mboje, wannan mutumin naki a ba shi ruwa ya sha mana, maƙogwaronsa ya bushe!" Aka yi ta dariya. Gwaggo ta fi kowa dariya, ta yage shafin a gabansu. Ni da an yi mini haka da na yi kwana uku ban fito ba.

Ranar Talata muna cin rogo da miyar kwakwa, ta ce ta lura tun da na zo ban taɓa kifi ba. Na ce ai laifinka ne. Na ba ta labarin ƙayar da ta maƙale mini a wuya muna amarci, da yadda tun ranar kake jawo kwanona ka cire ƙaya ɗaya bayan ɗaya ka turo mini, ko kallona ba ka yi, sai ka ce wata jaririya. Na ce ga shi ka mayar da ni ban iya cin kifi da kaina ba. Da fushi na faɗa, ina jiran ta taya ni. Ta ce, "Kullum?" Na ce kullum. "Har ranar da kuka yi faɗa?" Na ce har ranar da zan taho. 

Washegari ta karanta babin. Faki bai ce uffan ba. Ya jawo kwanon Bahati kawai, da manyan yatsunsa da igiya ta cinye, ya yi ta tsince ƙaya har nasa abincin ya huce. Baban Raya, da ka gani! Hannuwa goma sha shida a kan tabarma, babu mai motsi. Can Bi Time ta goge ido da bakin kangar da ta yafa ta ce, "Ina ake samun irin wannan? Ni nawa mijin shekara arba'in, tsokar yake tsincewa ya bar mini ƙayar."

Ban taɓa sanin naka abincin hucewa yake yi ba. Gwaggo ba ta taɓa cin abinci da mu ba, amma ta gani, ni da nake zaune a gabanka ban gani ba. Na tashi na shiga ɗaki, kunya ta ishe ni.

Maganar da na yi a wasiƙar farko, kada ka yi gaggawa a kanta.

Maman Raya

Wete, 6 ga Nuwamba, 1994

Maigidana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da Mama da Raya. Ruwa ya fara sauka a nan, kullum muna tseren kwashe kanumfari daga shanya.

Jiya da la'asar matuƙin jirgi ya kawo saƙonka, ana tsakiyar karatu. Ya ce tun Alhamis ka ba shi, na lissafa na ga wasiƙata ta biyu ba ta riga ta same ka ba. Ƙunshi ne, da takarda a ninke a samansa. Da na ga takardar nan sai na ce ta saki ce. Ni na roƙe ta da hannuna, ga ta ta zo.

Gwaggo ta ajiye littafinta. Ta ce, "Na buɗe irinta ta fi ɗari, kawo in kina so." Na ce a'a, ni na jawo. Amma na kasa, sai na fara kwance ƙunshin don in ja lokaci. Ƙamshi ya tashi. Bi Time ta leƙo ta ce, "La ila! Wane mai hankali ne ke aiko kifi Pemba? Gobe sai ya aiko mana da kanumfari!" Matan suka kwashe da dariya.

Na ɗaga guda ɗaya. Ƙyafaffen kifi takwas, kowanne an buɗe shi, an bi shi, babu ƙaya ko ɗaya. Dariyar ta tsaya da kanta, don duk sun ji babi na sha ɗaya. Bi Time ta dube ni ta dubi Gwaggo ta ce, "Au, ashe Fakin nan yana raye?"

Sannan na buɗe takardar. Ka san abin da ka rubuta: "Na cire. Ki ci."

Na ci uku a zaune, ina kuka, ban miƙa wa kowa ba. Ka yafe mini maganar bango.

Yau da safe na tarar da Gwaggo a baranda, shayinta na jira, fensir a hannu. Ta ce shekara talatin tana rubutu ba ta taɓa samun layi kamar naka ba, in ba ta aro ta rufe littafin da shi. Ka san babu abin da zan hana matar nan, ita ta buɗe mini ido. Amma na ce mata a'a. Na ce ƙayar na ba ta, ta riga ta shiga littafi, wannan kuwa ni aka rubuta wa. Sai ta jawo shafin hagu ta rubuta, "Ta fi ki gaskiya, Mboje. Nemi naki."

Ina tafe ranar Asabar, in Allah ya yarda. Jirgin ƙarfe bakwai zan hau, an ce ya fi. Ba sai ka ce komai ba in ka zo tarata. Amma daga yau naka za ka fara ci da zafinsa, ni zan jira.

Matarka,
Mwatima