Ba a Kwana da Wuta a Gidanga

Daren Laraba, Jega

Har yanzu murna nake yi. Kwamfutata ta tsira!

Yaya Sani da ya kawo min ita ya ce in riƙa barinta tana barci, wai yawan kashewa yana gajiyar da ita. Amma Baba ya leƙo ya ga 'yar fitilarta tana ƙyaftawa.

"Ba a kwana da wuta gidanga, ko garwashi ne. Kashe ta, ka zare wayar."

Na zare ina gunaguni. Can hadari ya taso, aka kawo wuta da ƙarfi, talabijin ɗin maƙwabcinmu ya ƙone ƙurmus.

Na ruga na gaya wa Baba. Ko kallona bai yi ba.

"To. Ka ruhe albasar da ke waje?"

Wayyo ni, albasa!